Ba taurin kai ba ne, Malam Edita

Assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na ranar Asabar har ƙarshe, kuma wallahi raina ya ɓaci da maganar baƙonku. Wai taurin kai ne ya hana ƙaramin manomi canza salon noma duk da yadda damina ta rikice. Taurin kai! Shi ya taɓa biyan kuɗin hayar gona?

Shekarata 14 ina noman rani a fadamar Auyo, albasa da tumatir. Kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ƙasa da naira 200 nake sayen lita. A 2024 sai da na saye ta sama da naira 1,000. To wa ya kai ni son injin ban ruwa na sola? Da ƙafata na je na taya. Kuɗinsa ya fi duk abin da na samu a albasar wannan shekarar. Na nemi rance, aka ce in kawo takardar mallakar fili, ni da gonar ma haya ce.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne batun itace. Ya ce mu riƙa barin gawo a gona kamar mutanen Maraɗi. Ai mun san gawo tun kafin a haife shi. Iyayenmu suka nuna mana yadda yake zubar da ganye da damina, geron da ke gindinsa kuma ya fi na ko'ina kyau. Na gwada a wata gonar tudu da na karɓa haya, ƙasarta duk ta mutu. Na bar tsiron gawo, na yi ta jan kashin shanu a amalanke shekara uku, ni da 'ya'yana. Da ƙasar ta farfaɗo, sai mai gona ya karɓe abarsa ya ba wanda ya ƙara masa kuɗi. Ko sisin kwabo ban gani ba na wahalata. Wannan ne taurin kan?

Sannan ku duba layin wayar nan naku. Sau shida na kira don in ba shi amsa yana zaune, bai shiga ba, har katina ya ƙare wajen aika saƙon da ba ku karanta ba. Idan za ku sake gayyato shi, ku ajiye masa manomi mai gonar haya a kusa da shi.

Naku,
Mai sauraro daga Auyo, Jihar Jigawa