Zuwa ga Abba, a kan abin da ka rubuta

Assalamu alaikum.

Mahaifiyarka da ƙannenka duk suna lafiya, suna gaishe ka. Ni dai raina a ɓace yake.

Jiya bayan Magariba kawunka ya tare ni a ƙofar masallaci, ya miƙo mini wayarsa bai ce komai ba. Sunanka a sama, hoton matar mutane a ƙasa, a tsakiya ka rubuta "ana zargin", kana jifanta da zina. Abba, wa ke zargin? Kai ne. Ka laɓe ne a bayan "ana" don kada a ce kai ka faɗa.

Na tsufa a aikin magatakardan kotu, don haka saurara. Zato a zuci yake tsayawa, shi ma Suratul Hujurat ta ce a nisanci da yawansa. In ya fito baki ya zama zargi. Tuhuma kuwa sai a gaban alƙali, mai gabatar da ƙara ya karanto laifi, a tambayi mutum ya amsa ko ya musa. Ko a can ɗin, sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 bai yarda a kira shi mai laifi ba sai an tabbatar. Ɗan jaridar kirki in ya ce "ana zargi", akwai ƙorafi a hannun 'yan sanda, kuma ya nemi jin ta bakin wanda ake magana a kansa. Kai me ke hannunka? An ce, ka ce, daga WhatsApp.

Da kuɗi ka ce ta ci, da na yi maka faɗa na kwanta na yi barci. Mutuncinta ka taɓa, kuma wannan sunansa ƙazafi. Shaidu huɗu ake nema, waɗanda suka gani da idonsu. In babu, bulala 80 ce, kuma a daina karɓar shaidarka. Ka karanta wannan a Suratun Nur tun kana Islamiyya. A ƙagen da aka yi wa Nana A'isha, har waɗanda suka ji suka maimaita sai da haddi ya hau kansu. "Wai" ba ta cece su ba. Kuma ka tuna tun 2000 ake aiki da shari'ar Musulunci a Kano. A 2022 kotun majistare ta sa an yi wa samari biyu 'yan TikTok bulala 20 kowanne, da tara da sharar kotu, kan ɓata sunan gwamna. Su sun sha bulala sun koma gida. Wannan baiwar Allah ina za ta koma in mijinta ya gaskata ka?

Ka san abin da ya fitar da gwaggonka daga ɗakinta a Yakasai. Kana ƙarami, amma ka ga kayanta jibge a zaurenmu. Har ta rasu ba a samu wanda ya ce shi ya gani ba. Yanzu a ce ɗan cikina ne ke wannan sana'ar? Wallahi gara a ce mini kana dako a Kantin Kwari.

Za ka ce Baba ya cika tsoro. To, na ji. Ban hana ka faɗar gaskiya a kan masu cin amanar jama'a ba, ni na koya maka. Amma ka riƙe takarda a hannu tukuna.

Ka goge rubutun nan yau, ka rubuta janyewa da sunanka a inda ka saka shi. Ranar Juma'a ka taho gida, ni da kawunka za mu raka ka wurin mutanenta. Mahaifiyarka ba ta sani ba tukuna, kada ka bari ta ji a bakin maƙwabta. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.