Rahoton Ayyukan Shekara: Rikicewar Bugun Zuciya Bayan Aiki

Assalamu alaikum ƴan uwa, waɗanda aka yi wa aikin zuciya da iyalan da ke jinyarsu a nan Damagaram.

Bana mafi yawan ƙarfinmu ya tafi kan abu guda: bugun zuciya da ke rikicewa bayan an fito daga ɗakin aiki. Likitocin da suka zauna da mu sun bayyana cewa kusan mutum 1 cikin 3 na gamuwa da shi, galibi a kwana na 2 ko na 3. Ɗakunan sama na zuciya ne ke karkarwa maimakon su matsa daidai, jini ya kwanta ya daskare, gudan ya haura ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki.

Abin da ya fi ba mu ƙarfin gwiwa shi ne ana iya hango wanda ya fi kusa da haɗarin tun kafin a taɓa shi da wuƙa. Yawan shekaru ne kan gaba. Sai faɗaɗar ɗakin hagu na sama, wadda eko (hoton zuciya da na'ura ke ɗauka) ke nunawa, da lalacewar ƙofar mitral da ke tsakanin ɗakunan hagu biyu na zuciya, ciwon da ya fi yawa a cikinmu, wanda sau da yawa ciwon maƙogwaro ne na yarinta ya haddasa shi. Akwai kuma hawan jini, ƙiba, ciwon huhu, da ƙarancin sinadarin potasiyom ko magneziyom a jini. Wanda aka hango, likita kan fara masa magani da wuri, kamar amiodarone.

Shi ya sa muka haɗa wa duk mai shirin tafiya Yamai ko waje don aikin zuciya jaka guda: eko, takardar ECG (awon bugun zuciya), da sunayen magungunansa. Kilomita wajen 900 daga nan zuwa Yamai ba wurin da za a ce "na manta a gida" ba ne.

Mun kai ziyara Mirriya da Matamai, mun koya wa masu jinya ɗora yatsa biyu a wuyan hannu su ƙirga bugun zuciya na minti cikakke. Mata sun fi mazan saurin koyo, gaskiya ce ko ta yi ɗaci.

Inda muka gaza: awon INR, wato gwajin saurin daskarewar jini, na masu shan Sintrom, maganin hana jini daskarewa. Wasu sun tsallake shi don rashin kuɗin mota, asusun kuma bai iya ɗaukar kowa ba, tunda da yawanmu ba su biya kuɗin wata ba. Wannan ne batun farko a taro mai zuwa. Wanda ke son yin azumi bana kuma, ya fara ganin likitansa kafin ya sauya lokacin shan magani.

Sakataren ƙungiya