Wasiƙa zuwa ga Abba, kafin ya je gaban likitan masu nutso

Assalamu alaikum Abba,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu nan ƙalau muke, sai ƙafar Hajiya da hunturu ya fara taɓawa. Kuɗin kwas ɗin nutso na tura maka ranar Talata.

Tunda ka ɗaura niyyar nutson bincike a Plymouth, ka san cewa katin farko da ke hannunka, mai iyakar mita 18, na masu shaƙatawa ne. A Ingila, dokar 1997 ta ce duk wanda zai yi nutso a matsayin aiki sai ya mallaki takardar da HSE, hukumar kula da lafiya da kariyar ma'aikata, ta amince da ita, da shaidar lafiya daga likitan da ta yarda da shi, ana sabunta ta duk wata 12. Takardar mai nutson kimiyya ta Turai kuma tana neman nutso 70, aƙalla 20 daga ciki na aikin bincike. Saboda haka kowane nutso ka rubuta shi a littafinka, zurfi da minti da aikin da aka yi, a sa maka hannu tun a ranar.

Kuma nutso jaki ne mai kai ka gona, ba shi ne noman ba. Abin da ake biya shi ne ka shimfiɗa tef mai mita 50 a ƙasan teku, ka ajiye firam mai kusurwa huɗu, ka ƙirga ciyawar ruwa da ke cikinsa, ka rubuta da fensir a kan allo yatsunka na ƙandarewa cikin ruwa mai digiri 10, sannan ka fito ka iya lissafin abin da ka ƙirga. Ko cibiyar binciken teku ta Legas, ko ta kifin ruwan daɗi da ke New Bussa, digirinka za su fara dubawa.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Gwaggonka ta ce ka gaya wa Ummi ba za ka rubuta asma a fom ɗin likita ba, wai ta daɗe ba ta tashi ba. Abba, kai ne da wannan magana?

Duk mita 10 na ruwa na ƙara maka matsi daidai da nauyin iskar sama gaba ɗaya. Iskar da ka shaƙa a mita 10, kafin ka kai sama ta ninka girmanta biyu. Mai lafiyayyen ƙirji yana numfashi tana fita, shi ya sa dokar farko ita ce kada a riƙe numfashi. Mai asma kuwa ba sai ya riƙe ba, ƙirjin ne zai riƙe masa. Iskar tukunyar da mai nutso ke goyawa busasshiya ce mai sanyi, ga wahalar iyo, ga ɗimuwa idan ruwa ya shiga abin numfashi. Ƙananan hanyoyin huhu su tsuke, iska ta maƙale a bayansu, kana hawa tana kumbura har ta yaga huhun. Kumfa ta shiga jini ta wuce ƙwaƙwalwa, cikin mintoci kaɗan da fitowa mutum ya suma ko ɓarin jikinsa ya shanye. Ba sai an yi zurfi ba, ƙasa da mita biyu ma yana faruwa. Hawa a hankali, mita 9 a minti, da tsayawar minti 3 a mita 5, maganin iskar naitirojin da ke taruwa a jikin mai nutso ne. Ba sa buɗe huhun da ya toshe. Kuma inhela ba ta shaƙuwa a ƙarƙashin ruwa.

Ka manta daren da muka kwana tsaye a kanka kana aji uku? Mahaifiyarka ba ta manta ba. Sannan ba ranka kaɗai za ka yi caca da shi ba, abokin nutsonka da ya yarda da takardarka shi zai bi ka. Wannan ha'inci ne, kuma ba a gidana ka koye shi ba. Ka sha cewa na cika takura maka. To na ji. Amma da na so hana ka, da ban sayar da filin nan ba.

Ka saurara, asma ba kullum take rufe ƙofa ba. Likitan zai sa ka hura na'urar auna ƙarfin huhu, ya sa ka motsa jiki, ya sake aunawa. Wanda tasa ta kwanta kuma sakamakonsa ya yi kyau ana iya barinsa. Wanda sanyi ko gudu ko ɓacin rai ke tayar wa ita ne ake hanawa. Idan aka hana ka, akwai masu sarrafa na'urar kyamara daga cikin jirgi, akwai masu ɗibar ruwa su gano halittun cikinsa a ɗakin gwaji, duk binciken teku ne.

Ka rubuta gaskiya, har shekarar da ka yi amfani da inhela na ƙarshe. Duk abin da likita ya ce, ka turo mini hoton takardar. Ban gaya wa mahaifiyarka komai ba tukuna. Ka kira ta ranar Juma'a, tana tambaya ko kuka da daddawar sun iso.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare.

Mahaifinka