A Kai Yara Su Ga Ruwan Wikki Da Idonsu

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Na saurari tattaunawar da kuka yi kan yadda iyalai ke cin hutun ƙarshen zango, kuma akwai maganar wani mai kiran waya da ta tsaya mini a rai. Cewa ya yi ɗaukar ƙananan yara yawon buɗe ido ɓarnar kuɗi ce, wai ko tunawa ba za su yi ba. Ina ganin girmansa, amma ban yarda da shi ba, kuma ina magana ne a matsayin uban da ke renon 'ya'ya a Gusau a wannan zamani.

Kowa ya san halin da Zamfara ke ciki. Mu mun yi ƙuruciya muna hawan dutsen Kwatarkwashi, ana kwasar mu daga makaranta a kai mu kallon madatsar ruwa ta Bakolori. 'Ya'yanmu kuwa daga gida sai boko, daga boko sai Islamiyya, kafin magariba an kulle ƙofa. In suka ji an ambaci daji, 'yan bindiga ne ke faɗo musu a rai. Wannan ya dame ni ƙwarai, shi ya sa muka yi adashe ni da uwargida, muka kai su gandun dajin Yankari da ke ƙaramar hukumar Alƙaleri a jihar Bauchi.

Tun 1956 aka keɓe wannan daji, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Yawanci giwaye ake zuwa nema, amma abin da ya kama zuciyar yarana shi ne maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki. Daga ƙarƙashin wani dutse ruwan ke fitowa, garau da shi, kana tsaye a ciki kana ganin yatsun ƙafarka a kan yashi, sannan ya gangara ya faɗa kogin Gaji. Ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, kamar ruwan da uwa ta sirka wa jariri. Autarmu ta ƙanƙame wuyana tana kuka da farko, domin ba ta taɓa ganin ruwa mai yawan haka ba. Da na zaunar da ita inda ruwan bai wuce gwiwa ba, ta ɗebo yashi ta ga yana zubewa ta tsakanin yatsunta, sai fitar da ita ta zama aiki. Yayanta kuma ya dube ni ya ce, "Baba, wa ke hura wa ruwan nan wuta?" Na ce masa ruwan sama ne ke nutsewa can cikin ƙasa inda duwatsu ke da zafi, ya ɗumama, ya sake ɓullowa, duk da ikon Allah. Har yau yana ba abokansa wannan bayani a unguwa. To, ina maganar ba za su tuna ba?

Sai dai ba na so wani ya ji daɗin labari ya tashi ba shiri. Kusa da bakin dutsen ruwan yana da zurfin da ya kusa mita 2, ya sha kan babba ma balle yaro, kuma yawancin 'ya'yanmu ba su iya iyo ba. Kada a bar wa yayye tsaron ƙanne, babba ya shiga ya riƙe su da hannunsa. Gwaggon biri kuma ba ya jin kunyar kowa a wurin, da ya hango leda a hannun yaro zai fizge, don haka a ci abinci a ɗaki, a rufe ƙofa da taga. A tafi da gidan sauro, da tawul da rigar sanyi in hunturu ne, domin fitowa daga ruwan ita ce mai sa makyarkyata. Hanya kuwa doguwa ce: a tashi da safe, a tambayi direbobi a tasha halin da titin Tsafe zuwa Funtuwa ke ciki, a kwana a hanya in ta kama, kada a yi tafiyar dare.

Uwargida ba ta shiga ruwan ba sai da sassafe, kafin maza su cika wurin. Da masu kula da irin waɗannan wurare za su ware wa mata da yara lokacinsu, da magidanta da yawa daga ɓangarenmu sun saki jiki sun kai iyali.

Roƙona gare ku, Malam Edita, ku riƙa ware 'yan mintuna kafin kowane hutu ku faɗa wa iyaye wuraren da za a iya kai yara, da kuɗin shiga da na masauki, da lafiyar hanya. Wanda aljihunsa bai kai Bauchi ba, ku tuna masa da gidan tarihi na Kanta da ke Argungu a maƙwabciyarmu Kebbi.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronku,
daga Tudun Wada, Gusau