A Ba Ɗalibanmu Damar Ƙera Eriya Mai Ruwan Tabarau

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan wani fannin sadarwa da ba kasafai ake taɓo shi ba.

Duk wanda ya ɗaga kai ya dubi ƙarfen sabis zai ga faranti mai lanƙwasa, wanda ke tattara siginar maikurowef ya harba ta waje guda. Akwai wata hanyar kuma: a sa ruwan tabarau a gaban ƙaramar eriya, na roba ko wani abin da wuta ba ta bi ta cikinsa. Dabarar ta daɗe. Rudolf Luneburg ya fitar da lissafin ruwan tabarau mai siffar ƙwallo a 1944, Winston Kock kuma ya ƙera irin nasa a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka a shekarun 1940. Matsalar ita ce kauri da nauyi.

Shi ya sa shimfiɗaɗɗen ruwan tabarau, wato faifan roba mai ƙananan ramuka, ya burge ni. Sigina na rage gudu a cikin roba. A cikin robar foliyetilin gudunta bai wuce kashi biyu cikin uku na gudunta a iska ba. Sai a bar tsakiyar faifan a cike, a riƙa huda ƙananan ramuka, suna ƙaruwa zuwa gefe. Siginar tsakiya ta jinkirta, ta gefe da hanyarta ta fi tsawo ta cim mata, su fito kafaɗa da kafaɗa, su miƙe. Sharaɗin dai ramukan su fi tsawon zangon siginar, wato tazarar kaɗawarta ɗaya, ƙanƙanta nesa ba kusa ba. A gigahaz 28, wato kaɗawa biliyan 28 a daƙiƙa, zangon bai fi santimita ɗaya da ɗan kaɗan ba, ramin kuwa kamar milimita ɗaya. Tun da eriyar tana baya, ba ta tare hanya kamar yadda take yi a gaban faranti. Fuskar faifan takan mayar da wani ɓangare na siginar, amma ana rage hakan da siririn shafi na daban.

Wannan aiki ne da ɗalibin ajin ƙarshe a sashen lantarki zai iya da roba da injin huda ko na'urar ɗab'i ta 3D. Abin da ke da tsada shi ne na'urorin aunawa. Ina kira ga hukumar sadarwa ta ƙasa (NCC) da asusun tallafa wa manyan makarantu (TETFund) su kafa ɗakin auna eriya ko da guda ɗaya ne a Arewa, jami'o'i su riƙa amfani da shi tare.

Naka,
Wani malamin lantarki, Zariya