Wasiƙa: Labaran baƙar makoma ba zumunci suke yaƙa ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini mu yi tsokaci kan wani ra'ayi da ya fara zama ruwan dare a bakin ɗalibai da matasan marubuta, game da ƙagaggun labaran da Turawa ke kira distofiya, wato labaran da ke hasko wata gobe da zalunci ya yi wa katutu. Ana cewa wai saƙonsu ɗaya ne: jama'a kurkuku ce, mutum ba ya tsira sai ya ware. Daga nan sai a rabu gida biyu. Wasu su ce to ga shi nan, kowa tasa ta fisshe shi ita ce wayewa. Wasu kuma su ce farfagandar Yamma ce, an shirya ta don a wargaza mana zumunci. A ganinmu duk ɓangarorin biyu sun yi wa littattafan karatun gaggawa.

Uban tafiyar shi ne We na Yevgeny Zamyatin, injiniyan jiragen ruwa ɗan Rasha. Ya rubuta shi tsakanin 1920 da 1921, aka fara buga shi da Turanci a Amurka a 1924, bai fito a Tarayyar Sobiyet ba sai 1988. A ƙasar labarin ba mai suna, sai lamba, kuma jarumin shi ne D-503. Bangon gidaje na gilashi ne. Akwai jadawali da ya yanka lokacin tashi da na aiki da na barci, har da yawan taunar loma, sau 50. Sa'a biyu kacal aka bar wa mutum a wuni, ƙarfe huɗu zuwa biyar na yamma da tara zuwa goma na dare. Wanda ya tsaya a nan zai ce lallai jama'a ta haɗiye mutum. Amma a duba abin da babu a garin. Babu aure, babu gidan gado, uwa ba ta rainon ɗan da ta haifa, macen da ta yi ciki ba izini kuwa hukuncinta kisa. Tsakanin D-503 da hukuma ba kawu, ba gwaggo, ba mai unguwa. To wace jama'a ce ta haɗiye shi?

George Orwell ya fi kowa fito da wannan fili a Nineteen Eighty-Four, wanda ya fito a watan Yunin 1949. Ya ma ba da lissafi: manyan 'yan jam'iyya ba su kai kashi 2 cikin ɗari ba, talakawa kashi 85, ragowar su ne ƙananan ma'aikata irin su jarumin labarin, Winston Smith, waɗanda aka fi sa wa ido. Sai a bi yadda jam'iyyar ke aiki daki-daki. Aure sai da izinin kwamiti, kuma kwamitin kan hana idan ya ga alamar ma'auratan na sha'awar juna. Yara ana sa su cikin ƙungiyar 'yan leƙen asiri, har maƙwabcin Winston, Parsons, 'yarsa mai shekara bakwai ce ta kai ƙararsa bayan ta ji abin da ya faɗa cikin barci. Abokan aiki ba sa yin hirar da ta wuce ta ɗakin cin abinci. Sannan ɗaki mai lamba 101, wanda masu karatu da yawa ke ɗauka wurin tatsar bayani ne. Kafin a kai Winston can ya riga ya amsa duk laifin da aka ɗora masa, ya tona sunan kowa. Abu ɗaya ya rage masa: bai daina son Julia ba. Da aka kawo kejin ɓeraye dab da fuskarsa ya yi ihu a yi wa Julia maimakonsa, a nan aikin ya ƙare, aka sake shi. Abin da hukuma ta ajiye ya zama na ƙarshen karyawa amana ce tsakanin mutum biyu. Kada kuma a manta Orwell da bakinsa ya kira kansa ɗan gurguzu mai bin dimokuraɗiyya, kuma a yaƙin basasar Sifen aka harbe shi a wuya a 1937 yana cikin rundunar 'yan gurguzu. Mutum irin wannan ba zai zauna ya rubuta wa "kowa tasa" waƙar yabo ba.

Aldous Huxley, a Brave New World na 1932, ya ajiye bulala ya ɗauko zuma. Ana ƙyanƙyashe jarirai a kwalba, ƙwai ɗaya a tsaga shi ya ba da tagwaye har 96, a raba mutane aji biyar tun kafin su zo duniya. Kalmar uwa batsa ce. Mace ta yi wata huɗu da namiji ɗaya ya zama abin tsegumi. Mai son zama shi kaɗai ma abin tuhuma ne, wanda ransa ya ɓaci kuma a miƙa masa ƙwayar soma. Wato an hana kaɗaici, an kuma hana shaƙuwa, an bar cunkoso.

Bahaushe ya san bambancin nan sarai. Gayya taron aiki ce, diban gwamna da aka yi zuwa haƙar kuza a Jos lokacin yaƙin duniya na biyu shi ma taron aiki ne. A gayya kana iya cewa yau ba ka da hali, kuma gobe a zo gonarka. A diban gwamna an ƙidaya ka ne kawai. Hukumomin waɗannan labarai diban gwamna suke yi, suna kiransa gayya.

Wanda bai jin Turanci ma yana iya gwada maganarmu, domin Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar da Animal Farm na Orwell zuwa Hausa da sunan Gandun Dabbobi tun 1975. Haɗin kan dabbobi ne ya kori mai gandu, shi ne kuma ya kawo girbi mai albarka a shekarar farko. Ɓarnar ta shigo ta ƙofa uku, a jere: aladu suka keɓe wa kansu madara da tuffa, aka raba 'yan kwikwiyo tara da iyayensu aka rene su a ɓoye, sannan aka soke taron shawara na ranar Lahadi. Bayan an soke taron ba a daina cewa "mu" ba, sai ma abin da ya ƙaru.

Gaskiya ɗaya ce, akwai littafin da ya dace da karatun da muke suka, shi ne Anthem na Ayn Rand, wanda aka fara bugawa a Ingila a 1938. Rand ta baro Tarayyar Sobiyet a 1926 da tabon abin da ta gani, kuma ba ta ɓoye aƙidarta ba. A labarinta an shafe kalmar "ni" daga harshe, an mayar da jarumin mai basira mai sharar titi, da ya gano wutar lantarki kuma majalisar masana ta ƙi karɓa saboda shi kaɗai ya yi aikin, ga shi zai kashe sana'ar kyandir. Ya gudu daji ya sami 'yanci. Sai dai labarin da kansa ya yi wa marubuciyar gardama: wayoyin da ya yi gwaji da su a ramin ƙarƙashin ƙasa na mutanen da ne, gidan da ya fake a ciki wasu suka gina, kalmar da ya gano ma a littattafan da suka bari ya tsince ta.

Ɗaya gefen kuma, wanda ba a cika kawo shi a muhawarar ba, shi ne Parable of the Sower na Octavia Butler, 1993. A nan ba hukuma mai ƙarfi. Labarin ya fara a 2024 a wata unguwa mai katanga kusa da Los Angeles, ruwan sha ya fi fetur tsada, 'yan sanda da 'yan kwana-kwana sai an biya su, kamfani na sayen gari sukutum ya riƙe ma'aikata da bashin da ba ya biyuwa. Wannan ita ce kowa tasa ta fisshe shi idan ta kai maƙura. Da aka ƙone unguwar, jarumar labarin, Lauren Olamina, ta kama hanyar arewa a ƙafa da mutum biyu, suna tsintar wasu a hanya, ana raba gadin dare, ana haɗa kuɗin ruwa. A Fahrenheit 451 na Ray Bradbury, 1953, matar jarumin labarin, Montag, ce ta kai ƙararsa kan ɓoye littattafai, waɗanda suka karɓe shi a bayan gari kuwa wasu mutane ne da kowannensu ya haddace littafi ko wani sashe nasa. Ƙasar da ta san darajar hadda ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani a nan: mahaddaci ɗaya mutuwa yake yi da abinsa idan ba shi da mai karɓa.

Muna jan hankalin marubutanmu musamman, don an fara gwada irin wannan rubutu da Hausa a intanet, kuma wuraren da ake tuntuɓe sanannu ne. Mafi yawa shi ne hukumar da ba ta da kasafi. Marubuci ya ce ana kallon kowa dare da rana, bai faɗi wa ke kallon ba, wa ke biyansa, wa ke noma abin da zai ci. Orwell ya warware wannan da lissafin da muka kawo: yawancin gidajen talakawa ba na'urar sa ido, an bar su da giya da caca da ƙwallo, aka tattara ƙarfi kan 'yan tsirarun da ke iya shirya tawaye. Idan labarinka na da mutum miliyan goma, zauna ka yanke nawa ake tsaro, nawa aka yi watsi da su, kuma me ya sa.

Sai jarumin da shakka ke faɗo masa daga sama. Yaron da aka haifa cikin tsarin, bai taɓa jin wani abu daban ba, ina ya samo ƙin yarda? A manyan littattafan kullum daga wani mutum take zuwa. Winston na tuna yadda mahaifiyarsa ta rungume ƙanwarsa. Montag wata yarinyar maƙwabta ce ta tambaye shi ko yana cikin farin ciki. D-503 mace ce, I-330, ta ja shi. Mugun ma a ba shi hujja mai nauyi. Huxley ya sa ɗaya daga cikin shugabannin duniyar labarinsa, Mustapha Mond, ya ba da labarin gwajin tsibirin Kubrus, inda aka zuba 'yan ajin farko zalla su 22,000, kowa ya ƙi ƙaramin aiki, cikin shekara shida yaƙin basasa ya ci 19,000. Mai karatu ya san hujjar azzalumi ce, amma sai ya yi gumi kafin ya rushe ta.

Inda aka fi kwafar Turawa ido rufe shi ne a ɗauko birnin gilashi a dasa a Kano ko Damagaram ta shekarar 2090 ba tare da an ce komai kan abin da ke wurin yanzu ba. Ina dangi suka shiga? Masallacin unguwa fa, da majalisar ƙofar gida, da adashen mata, da kwanon tuwon da ake miƙa wa maƙwabta? Azzalumin da zai mallaki irin wannan gari dole ya bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan labarin yake. Zai iya fara da katin rabon abinci mai sunan mutum ɗaya, wanda ba a yarda a ci da wani ba. Ya bi da ladan kai rahoto, yadda ɗan'uwa zai ji tsoron ɗan'uwa. Ya tarwatsa unguwanni da sunan sabon tsarin gari, ya mayar da adashe laifin zagon ƙasa ga tattalin arziki. Kowane mataki yana da wanda zai ci riba da wanda zai yi shiru don yana da 'ya'ya, kuma waɗannan masu shirun sun fi shugaban 'yan sandan ciki amfani ga marubuci.

Game da ƙarshen labari kuwa, a rage gaggawar ba jarumi nasara shi kaɗai da bindiga a babi na ƙarshe. D-503 an yi masa tiyata an cire masa tunanin ƙirƙira, ya zauna yana kallo ana azabtar da I-330 ko a jikinsa. John na littafin Huxley, wanda ya ƙaurace wa kowa ya tare a wata tsohuwar hasumiya, rataye kansa ya yi. A littafin Zamyatin wadda ta tsallake katangar da ta kewaye garin ita ce wata mace, O-90, da cikinta, kuma sai da mutum biyu suka haɗa hannu kafin ta fita.

Mun gode da fili. Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka,
Wasu malaman adabi,
Zariya.