Iyayenmu sun ɗauki saƙon murya kamar labaran rediyo

Malam Edita assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a. Daga Garwa nake rubuto muku nan arewacin Kamaru, akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Mu dai mun taso mun ga Baba da rediyonsa mai batir huɗu, eriyar ta karye ya ɗaure ta da wayar ƙarfe, ana saukowa daga sallar asuba zai murɗa gajeren zango ya kamo BBC ko Jamus ko Muryar Amurka. Tun 1957 BBC ke magana da Hausa, kun ga kenan da ita ya girma. In aka yi gardama a majalisa wani ya ce ai a rediyo aka faɗa, shikenan magana ta mutu. Kuma da dalili, masu karanta labaran nan an san sunansu, an san inda suke.

To yanzu waya ta shigo. Baba da Inna ba su yi boko ba, rubutun Facebook bai dame su ba sam, amma saƙon murya na WhatsApp wallahi ya shige su, duk yardar da suka ba rediyo shekara da shekaru ita suka kwasa suka miƙa wa duk wanda ya danna waya ya yi magana.

Daminar da ta wuce cikin dare wani ya turo murya a guruf ɗin unguwa wai madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai ta fashe ruwa na tafe, har da bidiyo ya haɗa. Duk wanda ya ga ambaliyar 2012 lokacin da aka saki ruwan Lagdo ya yi ɓarna har cikin Najeriya ba zai tsaya tambaya ba. Inna ta ƙulle kaya a zani ta kwance awaki, jikoki sai kuka suke, ba wanda ya runtsa, gari ya waye Binuwai na nan yadda muka bar ta, bidiyon ma ashe ba na ƙasar nan ba ne. Da na ce Inna ai ƙarya ce sai ta ce to ɗan nan da kunnena fa na ji mutumin yana rantsuwa da Allah.

Ba cewa nake a rufe intanet ba. Maƙwabtanmu na Chadi an toshe musu WhatsApp da Facebook daga Maris 2018 har Yulin 2019, masu neman abinci da waya ne suka ji jiki. Kuma wayar nan ta yi mana rana, da ita ƙanena da ke Duwala yake turo wa Inna kuɗin cefane ta kuma ji muryarsa.

Roƙona Malam Edita, don Allah ku riƙa yin saƙon murya gajere, minti ɗaya ko biyu, da Hausa, in da hali har da Fulatanci tunda nan shi ake ji a kasuwa, mai magana ya faɗi sunansa da sunan jarida ya ce labari kaza mun bincika gaskiya ne ko ba gaskiya ba. Mu za mu tura a guruf, ni da kaina zan kara wa Inna a kunne.

Naku mai karatu,
daga unguwar Yelwa, Garwa